Baffana da Ya Ci Abinci da I'inar Ƙaninsa

Da sunan Allah da ya halicci harshe, ya saki na wanda ya so, ya ɗaure na wanda ya so.

A shekarar da aka sake buɗe gidajen sinima a Riyad, wadda a cikinta muka fara ganin mata riƙe da sitiyari a titunan unguwar Ulaya, a nan ne Allah ya karɓi ran Baffana, wan mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. An sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa yadda ake kai kowa a garin nan, babu allo a kan kabari, babu suna. Da muka juyo na waiwaya, ban iya bambance nasa da na maƙwabcinsa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da ajami na fara kamar yadda hannuna ya saba, daga baya na mayar da shi boko saboda yaran yanzu.

Mun yi zaman makoki a gidanmu na haya da ke unguwar Gubaira. Direbobi sun zo, 'yan'uwanmu masu aikin sito a unguwar Sulay sun zo, ɗaliban jami'a ma sun zo cikin fararen riguna. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Mutum zai shigo da fuska a ɗaure, ya ce, "Allah ya jiƙan Baffa," ya karɓi gahawa da dabino, can sai ka ga kafaɗarsa tana rawa, ya tuno wani abu da mamacin ya taɓa yi. Wani direba ɗan Maraɗi ya fita waje wai zai amsa waya, muna jiyo shi yana ƙyaƙyatawa a bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya gyara zama ya ce, "Sana'ar ba da dariya dai, sai mu ce Allah ya yafe." Wani tsohon mai gadi ya harare shi ya ce, "Malam, kai gaisuwa ka zo ko hisabi?"

Mahaifina yana zaune a kusurwa da carbi. Babban ɗalibin, wanda ke ja mana salla a wasu lokuta, ya matsa kusa da shi ya ce, "Baba, mun san abin da ke tsakaninku. Yanzu ya tafi inda ba ya iya roƙo. Ka yafe masa a gaban jama'a, ko zuciyarmu ta kwanta."

Baba ya dube shi, ya mayar da idonsa kan carbinsa. Mutane suka watse suna cewa tsohon nan zuciyarsa ta bushe. Ba su san abin da ya faru a ɗakin ciki ba. Ni na sani, domin ina wurin.

Baffa ya bar gida yana saurayi, gwamnati ta tura shi Amurka karatun aikin gona. Bai kammala ba. Ya koma tuƙin tasi a wani gari mai sanyi, yana kwaikwayon fasinjan da ya sauka don ya ba wanda ya hau dariya, har wani ya ce masa ai wannan sana'a ce, ana biya. Daga nan ya fara tsayuwa a ƙananan gidajen shaƙatawa da makirufo a hannu. Sai masu shirya fim suka gan shi. Ya zama ɗan ƙasar, ya yi aure a can, ya haifi 'ya ɗaya, auren ya mutu.

Bai taɓa zama jarumin fim ba. Shi ne mai tasi, shi ne mai gadin ƙofar otal, shi ne boka mai ƙasusuwa a wuya, shi ne sojan azzalumin shugaba da ake harbewa tun labari bai yi nisa ba. Yakan ce, "An kashe ni a fim ya fi a ƙirga. Ban damu ba, wanda aka kashe da wuri shi ke fara zuwa wurin abinci." Yakan kuma ce, "Fuskata kowa ya san ta, sunana ko mai biyana sai ya duba takarda." Idan ya faɗi ta farko yakan yi dariya. Ta biyun kuwa sai ya shafa haɓarsa.

Allah ya ba shi ido. Ba ya kallon fuskar mutum, hannu yake kallo da tafiya. Ku sha shayi tare sau ɗaya, to ya ɗauke ka: yadda kake gyara hula, yadda kake share maƙogwaro kafin ka yi ƙarya. Kuma ba ya iya riƙewa. Idan ya ɗauki mutum sai ya fitar da shi a gaban jama'a, ko da mutumin yana zaune a wurin.

Na ga alherin wannan baiwa sau ɗaya. A zuwansa gida na farko kuma na ƙarshe, ina kwance a asibiti da taifot, na ƙi abinci har an fara fid da rai. Ya shigo, ya ari tabarau ɗin wani majinyaci, ya zama likitan ɗakin namu, da ɗingishinsa da yadda yake yi wa takarda faɗa. Duk ɗakin ya ɗauki dariya, har da wani tsoho da ake yi wa ƙarin ruwa. Ina cikin dariya ya riƙa ɗura mini kunu, ban ankara ba kwanon ya ƙare. Ya kwana uku yana zuwa. Wannan ba zan ɓoye masa shi ba.

Amma a wannan zuwan ne aka yi ɓatacciya.

Mahaifina mai i'ina ne tun yana yaro. Idan kalma ta maƙale masa sai wuyansa ya kumbura, idonsa ya rufe, leɓensa ya yi ta rawa. Karatun Alƙur'ani kaɗai ke fita masa sumul. Kakarmu, mahaifiyarsu, tana da dabararta: takan sa ɗan yatsa ta riƙa buga masa gwiwa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har kalmar ta samu hanya. Ko bayan ya yi aure ya haife mu, haka take yi masa.

Rannan baƙi sun cika zaure sun zo ganin ɗan Amurka. Baba ya tashi zai yi musu barka da zuwa, kalmar ta maƙale. Baffa ya miƙe a bayansa ya kumbura wuya, ya rufe ido, yana buga gwiwarsa da yatsa irin na Kaka. Zaure ya kece da dariya. Kaka tana ji daga tsakar gida. Ta fito har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba in da baƙi maza, ta ce, "Ashe abin da kake sayarwa a can ke nan? Ɗauki jakarka ka bar mini gida."

Ya ɗauka. Ya koma Amurka bai yi mata sallama ba, yana zaton fushin uwa ne, zai wuce. Shekaru suka tafi, bai dawo ba, ita kuma ba ta aika ba.

Da ta rasu, Baba ne ke riƙe da hannunta, shi kaɗai ya ji maganarta ta ƙarshe. Washegari ya tafi birni ofishin tarho, domin lokacin ba wayar hannu. Ya bi layi, ya biya kuɗin 'yan mintoci, aka haɗa shi da Amurka. Ya ce, "Yaya, Inna ta..." Nan ta tsaya. Ba mai buga masa gwiwa. Yana jin Baffa a can yana dariya da abokansa, yana cewa, "Auta, rera mini shi mana kamar karatu!" Har lokacin ya ƙare, layi ya yanke. Baffa ya ji rasuwar daga bakin wani bayan an daɗe da binne ta.

Wani zai ce wannan ya isa ya sa mutum ya tuba. Baffa kuwa sai ya mayar da shi wasansa mafi kasuwa. Yakan tsaya a gaban Turawa da makirufo a kunne kamar kan tarho, ya zama ƙaninsa, ya ce, "Inna ta... ta... ta..." Sai ya koma kansa yana cinka: "Ta tafi kasuwa? Ta yi sabon miji? Ta ci caca?" Yana yi yana buga makirufo da yatsa. A ƙarshe ya ce kafin ƙaninsa ya gama jimlar har an yi sadakar arba'in. Da wannan wasa ya sayi gida. Da shi masu fim suka san shi.

Amma akwai abin da ke cin sa. Ya ji cewa Kaka ta bar masa saƙo wajen Baba, bai san ko yafiya ce ko baki ba. Ya aiko mutane su tambaya. Ya tambaye ni ta waya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Baba bai taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta sani ba, kuma bai ƙara ɗaukar wayar wansa ba.

Baba ya zo Riyad da tuƙi, ya yi wa wani gida aiki har idonsa ya raunana, kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya mayar da shi gadin sito a Sulay. Ni ma na biyo shi, ina lissafin kaya a wani siton kusa. Mun zauna lafiya har wayoyi masu hoto suka cika hannun kowa. Wata rana a wurin cin abinci wani ya nuna masa waya ya ce, "Baba, wannan ba kama da kai yake yi ba?" Baba ba ya jin Turanci, amma ya ji muryarsa, ya ga yatsan mahaifiyarsa a kan makirufo, ya ji dariyar ɗaki guda. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙa wayar, ya wanke hannu bai gama cin abincin ba. Daga ranar, ma'aikata har da waɗanda ba sa jin Hausa suka sa masa suna Ta-ta-ta. Direban babbar mota zai danna ham a bakin ƙofa ya ce, "Yalla, Ta-ta-ta, buɗe!" Dattijo mai furfura, mahaddaci, haka ya yi shekaru yana buɗe ƙofa.

Sai ga shekarar sinima. Aka fara kawo masu ba da dariya daga waje, wani kamfani ya haɗo da Baffa don ya buɗe wa wani matashi fage. Ya tsufa, kasuwarsa ta ja baya, amma ya karɓa saboda ƙaninsa yana garin.

Ya zo Gubaira da rana tsaka cikin kwat da hular Turawa. Ya rungume ni yana cewa, "Malam mai ajami! Har yanzu daga dama kake farawa?" Ya ci tuwo da hannu, ya yi santi, kafin ya gama ya ɗauke mai gidan hayarmu da ya leƙo sau ɗaya. Da aka kwashe kwanuka ya juya wajen Baba, ya sauke murya.

"Auta, mun tsufa. Me Inna ta ce?"

Baba ya ci gaba da jan carbi.

"Ba na son dogon bayani. Ka ɗaga kai ko ka girgiza."

Baba bai ɗaga ba, bai girgiza ba.

"Kai, shekara nawa kana riƙe da ni a wuya? Ni fa wanka ne!" Ya jefa tikiti biyu a kan tabarma. "To ka zo ka ga abin da shirunka ya saya mini."

Na roƙi Baba kada ya je. Ya sa aka goge masa babbar rigarsa ta Idi, muka tafi.

Babban ɗaki ne a Ulaya, cike da samari da 'yan mata Larabawa masu jin Turanci. Baffa ya fara da mai tasi da boka, dariyar ba ta taka kara ta karya ba. Na ga gumi a goshinsa. Sai ya ɗora makirufo a kunne. Nan ɗakin ya farka. Da ya kai ƙarshe ana tafi, ya ɗaga hannu ya ce da Turanci yau akwai babban baƙo, mai muryar da kansa yana nan. Ya nuna mu. Fitila ta sauko a kan Baba, wani yaron kamfanin ya rugo da makirufo.

Baffa ya ce da Hausa, kowa yana ji ba wanda ya gane sai mu, "Auta, ga dama. Faɗi abin da Inna ta ce, ko su ci gaba da yi maka dariya."

Baba ya miƙe cikin babbar rigarsa. Ina jin sallama ya so ya yi wa jama'a. Wuyansa ya kumbura, idonsa ya rufe. Suka zaci cikin wasan ne. Wata yarinya a gabanmu ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi, wayoyi duk sun ɗago. Baffa yana sama yana buga makirufo da yatsa, yana ba su lokaci. Na kama hannun mahaifina muka fita ana tafa mana.

Kwana biyu bayan haka aka kira ni daga asibiti. An tsinci Baffa a ɗakin otal, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Kamfanin ya tsaya masa na ɗan lokaci, daga nan suka ce halas, yarjejeniya ta ƙare. 'Yarsa ta yi kuka a waya, ta ce za ta shirya ɗauko shi idan likita ya yarda ya hau jirgi. Likita bai yarda ba. Da aka sallame shi ban san inda zan kai shi ba. Baba ne ya nuna ɗakin ciki da haɓa.

Abin da ya biyo baya ban san sunan da zan ba shi ba. Baba ya ajiye gadi. Shi ke yi wa wansa wanka, shi ke juya shi, shi ke kwashe bayan gidansa, shi ke ba shi kunu da cokali yana goge abin da ya zubo. Bai taɓa yi masa tsawa ba, bai taɓa barin sa cikin ƙazanta ba. Kuma bai ce masa uffan ba. Ko sannu.

Harshen Baffa ya ɗaure. Mutumin da ke da muryoyi ba iyaka ya koma da sauti ɗaya. Duk lokacin da Baba ya sunkuyo kansa sai ya kama rigarsa da hannun hagu ya ce, "In... In... In..." Baba yakan tsaya ya kalle shi, ya bar shi ya yi ta kokawa da kalmar har miyau ya zubo, sannan ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya goge masa baki, ya fita.

Na ce, "Baba, don Allah. Mutumin nan tafiya zai yi."

Ya ce, "Ni m-ma na j-jira."

Masu dubiya suna zuwa. Wasunsu, Allah ya shirye mu, suna fita sai su kwaikwayi karkataccen bakin a bakin titi. Baffa yana jiyo su ta taga. Na ga ya rufe ido. Ya fi kowa sanin ba su iya ba.

Haka zafi ya wuce, sanyi ya shigo. Ya daina karɓar kunu. Wata Juma'a da hantsi numfashinsa ya canza, ya riƙa fita da ƙara. Ina zaune ina karanta masa abin da ya sawwaƙa, Baba ya shigo ya tsaya ya daɗe yana kallon sa. Sai ya jawo kujera har gwiwarsa ta taɓa gadon, ya zauna.

Ya ce, "Yaya."

Idon Baffa ya buɗe.

"Inna ta..."

Ta maƙale a daidai inda ta maƙale a ofishin tarho. Wuyan Baba ya kumbura, gumi ya karyo masa. Na ajiye karatun. Ina ganin ƙirjin Baffa yana ɗagawa da ƙyar, na ji tsoron rai zai riga kalmar fita. Na buɗe baki zan taimaka, sai na tuna ni ma ban san ƙarshenta ba.

Baffa bai yi cinke ba, bai da bakin yi. Ya zuba wa ƙaninsa ido. Can na ga hannunsa na hagu yana jan jiki a kan bargo, ya sauko gefen gado, ya samu gwiwar Baba. Ya fara bugawa da ɗan yatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya iya, ai ya yi shekaru yana yi a kan makirufo. Wannan karon ba mai kallo sai ni.

Kalmar ta fito.

"...ta rasu, Yaya. Da asuba. Ina r-riƙe da hannunta."

Yatsan bai tsaya ba.

"Ta ce in g-gaya maka ta yafe maka nata. Duniya da lahira. Ta ce nawa kuma ba ta da iko da shi, s-sai abin da na ga dama."

Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ke da rai. Baffa ya motsa leɓe, idonsa yana tambayar sauran. Baba bai yi sauri ba. Ya gyara masa matashi, ya goge masa gefen baki da hannun riga.

"Ban t-taɓa son komai a wurinka ba, sai ka tsaya in g-gama magana. Yau ka tsaya."

Ya ɗauke yatsan daga gwiwarsa, ya riƙe hannun cikin nasa.

"Shi ke nan, Yaya. Ba na b-bin ka komai."

Daga nan ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, da muryar karatunsa wadda ba ta taɓa maƙalewa. Kafin a kira sallar Juma'a Baffa ya cika.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya sa aka yi wa dariya, ya saka masa da kwanon kunun nan. Wanda ya karanta wannan, in ya ci karo da hoton a waya, ina roƙon sa ya wuce kada ya buɗe. Mai muryar yana nan da rai a Gubaira, kuma ya riga ya gama maganarsa.